Aikin Tari a Kwamfutocin Kasuwanci: Tsara Shi, Katse Shi da Ci Gaba da Shi

Gabatarwa

Ma'aikacin da ya wayi gari ran ashirin da biyar ga wata ya tarar albashinsa ya shiga, da ɗan kasuwar da ya ga banki ya cire masa kuɗin hidima cikin dare, da ɗalibin da ya karɓi takardar sakamakon jarrabawa tare da dubban 'yan'uwansa a rana ɗaya, duk sun ci moriyar wani irin aiki na kwamfuta wanda ba a yin sa a gaban idon kowa. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan aiki, da yadda ake jera shi, da abin da ke faruwa in ya katse a tsakiya, da kuma dabarun da aka ƙago domin a ɗora daga inda aka tsaya ba tare da an biya wani sau biyu ko an tsallake wani ba.

Da yake fannin bai daɗe da shigowa Hausa ba, ya kamata a daidaita kalmomi tun daga farko. Aikin kwamfuta a kamfani iri biyu ne, kamar yadda ciniki yake sari da kiri. Akwai na kiri, watau wanda ake yi wa mutum ɗaya nan take yana tsaye yana jira, kamar cire kuɗi a injin bakin banki. Akwai kuma wanda ake tara buƙatu masu kama da juna, dubu ko miliyan, a miƙa wa na'ura gaba ɗaya ta yi ta yi ba mai sa mata baki har ta gama. Wannan na biyu shi aka kira aikin tari a nan. An guje wa kiransa aikin jimla, ko da yake ya dace, don kada ya rikice da jimlar da aka sani a nahawu.

Asalin al'amarin

Aikin tari ya girmi kwamfuta. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi amfani da injinan Herman Hollerith, waɗanda ke karanta kati mai huji-huji, kowane kati na mutum ɗaya, a tara su damai-damai a riƙa sa wa inji ɗaya bayan ɗaya. Katin nan, bayan kamfanin IBM ya daidaita shi a kan layi 80 a 1928, shi ya riƙe ofisoshin lissafi shekara da shekaru. Kwamfuta ta farko da ta yi aikin ofis a kai a kai kuwa ta wani kamfanin shayi da burodi ce a Ingila, J. Lyons, wanda ya ƙera tasa mai suna LEO. Ta fara lissafin kayan gidajen burodinsa mako-mako a watan Nuwamba 1951, daga 1954 kuma ta shiga lissafin albashi.

A waɗannan shekaru tsadar na'ura ta fi tsadar lokacin mutum nesa ba kusa ba. Duk mintin da ta yi a zaune, ana ɗaura mata tef ko ana neman katin aiki na gaba, asara ce. Saboda haka a 1956 ma'aikatan General Motors da na North American Aviation suka rubuta wata 'yar manhaja ga na'urar IBM 704, aikinta kawai shi ne da zarar aiki ya ƙare ta jawo na bayansa ba tare da jiran mai kula da inji ba. Ana lissafa ta cikin tsarin sarrafa kwamfuta na farko-farko. Da IBM ya fito da jerin na'urorin System/360 a 1964 sai abin ya samu harshe nasa, JCL, wanda da shi ake rubuta takardar umarnin kowane aiki: sunansa, da matakansa ɗaya bayan ɗaya, da fayilolin da kowane mataki zai karanta ko ya rubuta, da iyakar lokacin da aka yarje masa. Harshen ba shi da daɗin sha'ani. Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin da ya haife shi, ya ce daga baya bai san wani harshen kwamfuta da ya fi shi muni ba. Duk da haka har yau manyan bankuna da kamfanonin inshora na gudanar da ayyukan darensu da shi.

Wa zai riga wa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san matsalar tsara layi. Ga mai buhun masara ya riga kowa zuwa, ga yarinya da ɗan kwanon gero a bayansa, ga kuma mai jiƙaƙƙen wake na ƙosai wanda in an sa nasa sai an wanke inji kafin a koma busasshe. In mai inji ya bi zuwa-da-zuwa, ya yi adalci amma yarinya ta yini. In ya fara da ƙanana, yawancin mutane sun tafi da wuri, amma muddin ƙananan kwanuka na ta zuwa mai buhu ba zai taɓa samun shiga ba. Kwamfuta na fuskantar wannan zaɓi daidai wa daida. Masana lissafi sun tabbatar tun a shekarun 1950 cewa fara wa da gajeren aiki shi ke rage matsakaicin jira fiye da kowane jeri, sai dai yana iya barin dogon aiki da yunwa. Maganin da aka saba shi ne a riƙa ƙara wa aiki daraja gwargwadon daɗewarsa a layi, har ya kai matsayin da ba mai sha gabansa.

A na'urorin IBM an rarraba ayyuka aji-aji, kowane aji da layinsa, a cikin layin kuma kowane aiki da lambar fifikonsa. Manhajar da ta shahara da riƙon waɗannan layuka, HASP, an rubuta ta ne a cibiyar binciken sararin samaniya ta Amurka da ke Houston a tsakiyar shekarun 1960, ita ce kuma ta rikiɗe ta zama JES2 da ake amfani da ita har yanzu. A ɓangaren Unix an samu cron tun shekarun 1970, wadda ba ta san komai ba sai agogo: a rubuta mata minti da sa'a da rana da wata, in lokaci ya yi ta tayar da aiki.

To, amma agogo kaɗai ba ya isar kamfani. Daren banki sarƙa ne. Ba za a lissafa kuɗin hidima da ribar ajiya ba sai an gama shigar da cinikin yini a kowane asusu. Ba za a buga bayanin asusu ba sai an gama wancan lissafi. Ba za a aika rahoto ga babban banki ba sai an rufe babban littafi. In aka ce aiki na biyu ya tashi ƙarfe ɗaya na dare bisa zaton na farko zai gama sha biyu da rabi, ranar da na farko ya makara sai na biyu ya yi lissafi a kan rabin bayani, kuma ba abin da zai nuna an yi kuskure sai abokan ciniki sun zo da ƙara. Don haka aka ƙirƙiro manhajoji na musamman, irin su CA-7 da Control-M, waɗanda ke riƙe da taswirar dogaro: wane aiki ke jiran wane, wane ke jiran isowar fayil daga wani kamfani, wane ne na ƙarshen wata kaɗai, wane ba a yin sa ranar hutu. Irin wannan manhaja ita ce madugun ayari. Ba ta ɗaukar kaya ko ɗaya, amma ba mai tashi sai da izininta.

A cikin taswirar akwai sarƙa ɗaya da ta fi kowace tsawo, ita ce ke yanke ƙarfe nawa dare zai ƙare. Jinkirin minti goma a aikin da ba ya kanta ba ya cutar da kowa. Jinkirin minti goma a kanta kuwa jinkirin buɗe banki ne. Tazarar da ke tsakanin rufe ciniki da sake buɗewa ita ce dukan abin da aikin tari ya mallaka, kuma tun da aka fara ciniki ta waya da intanet dare da rana wannan tazara sai ƙara tsukewa take yi, alhali yawan abin da za a lissafa na ƙaruwa.

Agogon ma yana da nasa tarko. A Ingila, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, in ƙarfe biyu na dare ya yi sai a mai da agogo ƙarfe ɗaya, watau ɗaya da rabi na zuwa sau biyu a daren. A watan Maris kuma akwai daren da ba ta zuwa sam. Aikin da aka ɗaura wa wannan lokaci, in ba a kiyaye ba, yana iya gudana sau biyu ko ya ƙi gudana. Nijeriya da Nijar ba sa juya agogo, sun huta da wannan.

Katsewa

Aiki na katsewa ko dai da gangan ko bisa tsautsayi. Na gangan shi ne in mai kula da inji ya ga wani aiki mai gaggawa na bukatar wuri, ko ya lura an ɗora fayil ɗin jiya maimakon na yau. A nan ma akwai bambanci tsakanin dakatarwa da kashewa. A Unix ana iya aika wa aiki siginar da za ta daskarar da shi yadda yake, da duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, wata sigina kuma ta farkar da shi ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wannan sauƙi ne, sai dai yana da sharaɗi biyu: kada na'urar ta mutu a tsakani, kuma a tuna cewa aikin da aka daskarar bai saki abin da ya riƙe ba. In ya kulle wani fayil, duk masu bukatar fayil ɗin sun tsaya tare da shi. Kashewa kuwa iri biyu ce: akwai ta sallama, inda ake gaya wa aiki ya kintsa ya fita, akwai ta fille kai, inda ba a ba shi damar ko rufe fayil.

Na tsautsayi ya fi yawa. Ma'aikatan manyan na'urorin IBM sun haddace lambobin mutuwar aiki kamar yadda malamin asibiti ya san sunayen cututtuka: S322 lokacin da aka yanka wa aiki ya ƙare bai gama ba, S222 mai kula da inji ne ya soke shi, SB37 wuri ya ƙare a faifai, S0C7 kuwa an tarar da abin da ba lamba ba a gurbin da ake sa ran lamba. Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar da masu rubuta manhaja daga barci, domin rubutu ɗaya da ya lalace cikin miliyan ya isa ya kayar da aikin sa'a huɗu. A ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas sai a ƙara da ɗaukewar wuta da ƙin tashin janareta.

Zango

Tambayar da ke biyo bayan kowace katsewa ita ce: daga ina za a tashi? Amsa mafi sauƙi ita ce daga farko, kuma tsofaffin ma'aikata sun tanadi hanyar da ta sa hakan ba shi da haɗari. A zamanin tef ba a gyara babban fayil a inda yake. Ana karanta na jiya tare da cinikin yau, a rubuta sabo fil a wani tef dabam. In aiki ya mutu a tsakiya sai a yar da sabon da bai cika ba a sake, tun da na jiya na nan ba abin da ya taɓa shi. Akan ajiye zuriya uku, kaka da uba da ɗa, don in an gano ɓarna bayan kwana biyu a samu inda za a koma. Wannan dabara, duk da tsufanta, ta fi yawancin na bayanta aminci. Aibinta ɗaya ne: aikin sa'a shida da ya mutu a sa'a ta biyar ya ci sa'a goma sha ɗaya, dare kuwa bai kai haka ba.

Mataki na gaba shi ne a tashi daga matakin da ya faɗi. JCL na da umarnin RESTART, wanda ke cewa a tsallake matakan da suka riga suka yi nasara. Amma in mataki ɗaya ne mai tsawon, wannan bai taimaka ba. Sai aka zo da abin da ya dace a kira zango. Fataken da ke tafiya Gwanja a da ba sa cewa sai sun isa za su sauke kaya. Kowace yamma akwai inda ake yada zango, a ƙirga dabbobi da kaya, in wani abu ya faru gobe an san inda lissafi ya tsaya. Haka aikin tari: bayan kowane adadi na rubutu sai ya tsaya ya rubuta a wuri amintacce inda ya kai a karatu, da inda ya kai a rubutu, da jimlolin da yake tarawa. Harshen COBOL, wanda aka tsara a 1959, ya zo da tanadin wannan tun da wuri.

Wahalar ba a rubuta zango take ba, a daidaita shi da gaskiya take. A ƙaddara kamfani na biyan ma'aikata 40,000, aikin kuma na yada zango bayan kowane mutum 1,000. Wuta ta ɗauke yana kan mutum na 27,315. Zangon ƙarshe ya ce 27,000. In aka tashi daga nan kai tsaye, mutum 315 za su samu albashi biyu. In aka ce a tashi daga 27,316, jimlar da za a kai wa akanta ba ta san da kuɗin mutum 315 ɗin ba, littafi ba zai daidaita ba. Shi kansa na 27,315 ba a san ko an cire kuɗinsa daga asusun kamfani ba a kai ga zuba masa ba. Ashe dole ne biyan da zangon su zama abu guda, ko su tabbata tare ko su rushe tare. Wannan shi ne aikin da rumbunan bayanai na zamani ke yi: suna riƙe da littafin duk canjin da aka yi, in aiki ya mutu kafin ya ce a tabbatar, sai su warware komai zuwa tabbatarwar ƙarshe. Mai rubuta manhaja mai hankali yakan rubuta lambar zangonsa a cikin rumbun, cikin tabbatarwa ɗaya da biyan kansa. Ta haka mutum 315 ɗin za su koma kamar ba a taɓa su ba, a sake biyansu sau ɗaya.

Sai dai akwai abin da ba ya warwaruwa. Cekin da aka buga aka sa a ambulan, da saƙon da ya riga ya shiga wayar mutum, da kuɗin da aka tura wani banki, sun fita daga hannun rumbu; magana zarar bunu ce. Don irin waɗannan akan bi hanya biyu. Ko dai a jinkirta duk abin da zai fita waje zuwa matakin ƙarshe, bayan an tabbatar jimloli sun yi daidai, ko kuma a ba kowane biya lambar shaida tasa wadda ba ta canzawa ko sau nawa aka sake aikin, ta yadda mai karɓa in ya ga lambar da ya taɓa gani zai yi watsi da ita. Aikin da za a iya maimaitawa sau goma sakamakonsa ya zama ɗaya shi ne burin kowane mai tsara irin wannan manhaja, kuma ya fi wuyar samu fiye da yadda ake zato. Akwai ma ƙaramin tarko na kwanan wata: aikin ranar 31 da aka ci gaba da shi bayan sha biyun dare, in agogon na'ura yake tambaya, zai rubuta rabin lissafinsa a sabon wata. Shi ya sa ake ba aiki ranar ciniki a rubuce, ba a barinsa ya duba agogo.

Sau nawa ya kamata a yada zango? In ya yi yawa tafiya ba ta ci gaba, in ya yi kaɗan asarar kowace faɗuwa ta yi girma. John Young ya ba da ƙiyasi mai sauƙi a 1974: a ninka lokacin da rubuta zango ɗaya ke ci sau biyu, a ninka da matsakaicin lokacin da na'ura ke yi kafin ta faɗi, sa'an nan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Alal misali, in zango na cin minti 1, na'ura kuma na faɗuwa sau ɗaya cikin sa'a 30, watau minti 1,800, to 2 sau 1 sau 1,800 ya ba da 3,600, tushensa kuwa 60: zango kowace sa'a guda. Lissafin ya sake samun kasuwa a zamanin hayar kwamfuta ta intanet. Kamfanin Amazon, tun 2009, yana ba da hayar na'urorinsa da ba kowa a kai da rahusa mai yawa, bisa sharaɗin zai iya karɓe abinsa in ya bukata, kuma gargaɗin da yake bayarwa na minti 2 ne. Wanda aikinsa ya iya zango shi ke cin wannan araha.

Ranar da madugu ya ɓata

Duk dabarun da aka ambata na kare aiki ɗaya ne. Abin da ya faru a Birtaniya a 2012 ya nuna yadda al'amari ke kasancewa in manhajar da ke jera ayyukan ce da kanta ta rikice. Ranar Lahadi 17 ga Yuni aka sabunta manhajar tsara aikin dare ta rukunin bankunan RBS, wanda ya haɗa da NatWest da Ulster Bank. Da aka ga alamun matsala sai aka yanke shawarar a koma tsohuwar a daren Talata 19 ga wata, ba tare da an san cewa sabuwar da tsohuwar ba sa jituwa ba. Ayyukan daren suka kasa gudana yadda aka tsara, aka wayi gari asusun mutane bai nuna abin da ya shiga ko ya fita ba.

Abin da ya mai da matsalar dare ɗaya ta zama ta makonni shi ne ƙa'idar da aka bayyana a sama. Ba a iya gudanar da daren Laraba sai an kammala na Talata, domin ragowar kuɗin kowane asusu a ƙarshen Talata shi ne mafarin Laraba. Kafin ma'aikata su gano inda kowane aiki ya tsaya, su tayar da su da hannu bi da bi, wani yinin ciniki ya taru a kai, bayansa wani. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta ce abin ya shafi abokan ciniki fiye da miliyan 6.5. Wasu sun kasa biyan bashin gida a kan lokaci, wasu sun maƙale a ƙasashen waje ba kuɗi, kamfanoni sun kasa biyan albashi, har aka buɗe rassa ranar Lahadi don a rage cunkoso. Mutanen Ulster Bank, a arewaci da kudancin Ayalan, su suka fi shan wuya, saboda a jerin dare ayyukansu na bayan na sauran bankunan biyu ne, sai da aka share na gaba kafin a iso kansu, abin da ya kai su cikin watan Yuli. A Nuwamba 2014 hukumomi biyu na Birtaniya suka ci bankunan tarar fam miliyan 56, ɗaya miliyan 42, ɗaya miliyan 14. Laifin da aka kama su da shi bai tsaya ga kuskuren daren Talata ba. Ya haɗa da cewa ba su da isasshen tsarin gwada canji kafin a yi shi, kuma shirinsu na ko-ta-kwana ya fi mai da hankali ga babban bala'i irin rushewar cibiyar na'urori, bai tanadi abin da za a yi ba in manhaja ce ta lalace alhali ginin da injinan na tsaye lafiya lau.